Kada a Ƙona Takardun Dalhatu Mai Zane

Shekara goma sha huɗu ke nan ina da ƙara a kanka, Dalhatu, kuma ban taɓa kai ta gaban kowa ba sai gabanka. Ka zana mini rabin riga ka bar rabi. Na bi tawadarka da allura har inda ta tsaya, a kan kafaɗar hagu, ni ma na tsaya. Kowace sallah sai na tambaye ka, kowace sallah ka ce bai nuna ba tukuna, sai ka ce mangwaro muke jira. Na yi fushi, na yi lallashi, na aika maka da goro, na aika maka da baƙar magana, amsarka ɗaya ce. Yanzu ka tafi inda ba a aika saƙo, ka bar ni da riga mai gaba babu baya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wanda Ya ba da aro Ya karɓi abinSa. Malam Dalhatu ɗan Mahamadu, mai zanen riguna na Djougou, ya rasu ranar Talata takwas ga watan Sha'aban, wadda masu kalanda suka ce ita ce ashirin da bakwai ga Agusta, 1974, da hantsi, bayan zazzaɓin kwana biyar. Labarin ya iske ni a Kpébié, unguwarmu a Parakou, washegari, a bakin Usuman direban kamiyo, wato babbar motar kaya, wanda ya saba kawo mini yadi daga hannun marigayin. Da na ga Usuman ya shigo hannu wofi, ya tsuguna bai yi mini tsiyar da ya saba ba, sai na ajiye allura. Ban sami jana'iza ba. Sadakar uku ma da ƙyar na same ta, don ruwa ya cinye hanya wajen Partago, mun yini muna tura mota.

Ni ne Mamuda Lado, maɗinkin hannu. Ban yi lekol ba, wato boko, allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina Ladan, tsohon ma'aikacin gar, tashar jirgin ƙasa, shi ke rubuta wannan, na kuma ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki. Ina so a karanta ta a zauren marigayin, a gaban iyalinsa da liman da duk wanda ya taɓa sa rigar da ta bi ta hannunsa.

Saboda yaran yanzu da suka buɗe ido suka tarar keke na yin surfani, bari in faɗi yadda aikinmu yake. Babbar riga ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Masaƙi ya saƙa, a haɗa, sannan a kai wa mai zane. Shi zai shimfiɗa yadin, ya ɗauki alƙalamin kara da tawada, ya zana aska da tambari da gidan biyar a ƙirji, ya haye kafaɗa ya gangara baya. Sai a kawo wa irina in bi layin da zare, wata uku, wani lokaci biyar. In na gama a wanke, a kai wa masu bugu. Abin da zare bai rufe ba na tawada, ruwa ya tafi da shi. Mai riga ya sa ya tafi Idi, a tambaye shi wa ya yi, ya ambaci sunana. Hannun mai zane kuwa ba wanda ya taɓa ganinsa a jikin riga. Shekara arba'in da ɗaya ina cin yabon da rabinsa naka ne, Dalhatu, in na faɗa maka sai ka yi dariya ka ce, “Mai allura, ci abinka. Ni tawada ce, wanki ne rabona.”

Kakanninmu fataken goro ne, tare suka sauke kaya a Djougou suka ƙi tashi. Katanga ɗaya ta raba gidanku da namu. Ni na biyo kasuwa na koma Parakou lokacin da jirgin ƙasa ya sa masu kuɗi suka taru a nan, na yi ta jan ka, ka ce ba ka iya zane in ba ka jin gudumar maƙeran unguwarku. Sai muka zama yadi ya zo a mota, riga ta koma a mota, gaisuwa da zagi su biyo bayansu.

Alherinka ba ni kaɗai na sani ba. Babu marayan da ya sauke Alƙur'ani a unguwarku wanda ba kai ka yi wa allonsa zayyana ba, kuma in uwarsa ta aiko da kaza sai ka mayar da ita ka ce a yanka wa mai sauka. Masu keke da suka ƙwace mana kasuwa, su ma in sun rasa yadda za su juya kwana sai su lallaɓo wurinka, ka nuna musu a ƙasa da yatsa, ni ina jin haushi ina cewa kana wasa wuƙar da za a yanka mu da ita. Ka ce mini ilimin da aka rufe a tukunya tsutsa yake yi.

Amma wanda ba zan manta ba shi ne na shekarar da matata Mairamu ta rasu. Hankalina ba ya jikina, ina ɗinkin rigar wani ango, sai na karkatar da aska ɗaya da faɗin yatsa biyu, ban lura ba sai da na yi aikin wata guda a kanta. In na warware, yadin ya huje. In na bari, kowa ya gani daga nesa. Biki saura mako bakwai. Ka zo mini gaisuwa, na fito da rigar ina jiran faɗa. Ka daɗe kana kallonta, sannan ka ce a samo maka takardar buhun siminti. Kwana bakwai ka yi a gidana. Da safe ka karɓi gaisuwa tare da ni kamar kai aka yi wa rasuwar, da rana ka zauna gindin mangwaro kana zane. Takarda tara ka ɓata. A ta goma ka lanƙwasa sauran layukan duka suka bi karkatata, har kuskuren ya zama kamar da gangan aka yi. Angon ya sa, aka yi ta zuwa ana cewa a yi mana irin ta wane. Kai ka sa mata suna karkatar Mamuda, don kada in manta. Waɗannan takardun tara da suka lalace, na ce a ba mai ƙosai. Ka naɗe su ka sa a aljihu ka tafi da su Djougou.

Haka kake, ba ka yar da takarda. Ba ka taɓa ɗora alƙalami a kan yadin mutum ba sai ka gwada a wani wuri tukuna: buhun siminti, shuɗiyar takardar sukari, bayan tsohuwar kalanda. Kowace ka rubuta bisimilla a samanta, ka ja gidaje murabba'i don awo, ka ɗiga ɗigo, ka sa lamba a inda za a ƙirga zare. Wadda ta yi kyau da wadda ta ƙi, duk akwatin ƙarfe ɗaya suke shiga. Ran nan matarka Lubabatu ta rasa abin hura wuta da damina ta miƙa hannu, ka cire hularka ka miƙa mata ka ce ga wannan, ta fi kamawa.

Na taɓa yi maka ba'a a kan haka. Na ce, “Wai kai me za ka yi da waɗanda suka lalace, miya?” Sai ka buɗe akwatin ka zaro guda uku ka jera a tabarma. Ta farko mummuna, tambarin ya yi kama da ƙwaryar da jaki ya taka. Ta biyu da dama-dama. Ta uku kuwa ita ce wadda na ɗinka shekarar, har mutanen Nikki suka aiko a yi musu. Ka sa yatsa a kan mummunar ka ce, “Duba nan, ƙuryar nan. Shekara ashirin tana kwance, ban san abin da take nema ba sai bana. Wannan ce ta haifi waccan. Kai in ɗa ya girma yar da uwarsa kake yi?” Na ce maka surutu ne. Ban taɓa gaya maka ba, amma tun ranar na daina ba mai ƙosai ko ƙyalle.

Rigar da nake ƙara a kanta ta samo asali ne shekarar da aka sauke tutar Faransa. Kowa na neman sabon abu, kekunan surfani suka fara hawowa daga Kutonu. Ka zo Parakou ka ce mini duk zanen da muke yi na aro ne, daga Kano da Bida aka kawo shi, kakanninmu sun taka hanya da ƙafa har ƙafar ta tsage amma ba su da rigar kansu. Ka ce za ka zana hanyar goro. Ta taso daga Gonja a gindin aljihu, zango bayan zango, kowane da ɗan gidansa, kowane rafi da lanƙwasarsa, ta iso Djougou a kan zuciya, ta haye kafaɗa ta bi baya ta Nikki, ta ƙetare kogin Kwara ta nufi Hausa. Ba wanda ya sa mu, ba wanda zai saya. Muka sa wani masaƙi na Bariénou ya saƙa mana, ni na dafa zaren tsamiya na surfani da hannuna. Gaban ka zana shi cikin mako ɗaya kamar ana karanta maka. Na ɗinke shi cikin wata shida, kuma ina faɗa ba don alfahari ba, hannuna bai taɓa yin kamarsa ba. Da aka zo baya sai ka tsaya. Ka ce layin ya hau kafaɗa ya ƙi sauka, in ka tilasta shi zai zama hanyar mota. Ka koma kan takarda. Shekara goma sha huɗu.

Yanzu zan faɗi abin da ya jawo mana wannan masifa, ko da wanda ya yi yana zaune a nan. Awalu mai shanu ya zo wurinka wata rana a zana masa riga, ya ga takarda a tabarma da bisimilla a sama, da gidaje da lambobi a ciki. Ya ɗauka hatimi ne. Da ka shiga gida ya naɗe ta ya soke a hula, ya kai wa baduku ya ɗinke masa laya, ya ɗaura wa bijimin garkensa. Allah da ikonSa, shekarar ya yi ciniki irin wanda bai taɓa yi ba. Bakinsa bai iya riƙe magana ba, kafin wata biyu kasuwannin shanu na Borgou duk sun ji cewa Dalhatu na da asiri yana ɓoyewa a bayan zanen riga. Da labari ya dawo maka ka yi dariya har da hawaye, ka ce, “Awon wuyan rigar wani mai kanti ne fa a wuyan bijimi.” Na ce ka tashi a masallaci ka ƙaryata. Ka ce wanda ya ƙaryata asiri shi ake ƙara yarda yana da shi, a bar su. Duk wanda ya zo nema ka ce masa babu, shi kuma ya tafi yana cewa rowa ce. Wannan ma ina da haushinsa a kanka. Abin da ka mayar wasa ga shi ya girma ya zo cin gidanka.

A watan Rajab da ya wuce Usuman direba ya shigo mini yana murmushi. Ya ce, “Baba Mamuda, mutuminka ya ce a gaya maka ya nuna. Ya ce ka ɗauko rigar ka zo da kanka kafin azumi. Ba zai karɓa daga mota ba, so yake ya zana kana zaune.”

Na ce, “Koma ka ce masa shekara goma sha huɗu ni ke zuwa. Wannan karon ƙafarsa ta tuna hanyar Parakou.”

Usuman ya ce, “Ku tsofaffin nan kun fi yara rigima. Ni dai gas nake ƙonawa a banza.”

Da ya dawo na tambaye shi me ka ce. Ya ce ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce a ƙyale mai allura, bai iya fushin wata biyu ba, zai zo. Gaskiyarka, da zan zo. Na riga na fito da rigar na shanya ta ta sha iska. Cewa na yi bari in ƙara mako ɗaya don ka ji yadda jira yake. A cikin makon nan ka kwanta. Kujera na nan a motar Usuman kullum, ƙafata lafiya lau, ba ruwa ba ne ya tare ni, ba ciwo ba. Taurin kaina ne. Duk wanda ya ji ina ƙarar Dalhatu ya sani ni ma akwai tawa a wuyana, kuma ta fi tasa nauyi.

Da na iso zaman makoki na tarar da abin da ban zata ba. Mutane na zuwa gaisuwa, in sun shafa fatiha sai su ja babban ɗanka Abduljalil gefe su yi masa raɗa. Wannan na neman takarda ɗaya don ciniki, wancan don haihuwa, wani har da rago ya zo. Abduljalil yaron kirki ne, ina faɗa a gaban kowa. Ya yi lekol, ya yi karatun addini fiye da mu duka, yana aiki a Kutonu, kuma shi ya baro aikin ya zo ya yi jinyarka har ka cika a hannunsa. Amma tun yana ƙarami ya bar gida, bai taɓa zama ya ga yadda kake aiki ba. Ya buɗe akwatin ya ga bisimilla da gidaje da lambobi, dubbai, ga kuma mutane a ƙofa suna rantsuwa sun ga amfaninsu. Sai ya sa kwaɗo ya kulle. Ya ce ranar Juma'ar ƙarshe ta Sha'aban, kafin ya koma aiki, zai ƙona su duka ya binne tokar a wuri mai tsarki saboda sunan Allah da ke jiki.

Na same shi na ce, “Ɗana, zanen riga ne. Ni na ɗinka su.”

Ya ce, “Baba Mamuda, ko da zanen riga ne, mutanen nan ba haka suka ɗauke shi ba. In na bar su, ɗaya bayan ɗaya za a sace. Ba zan bar mahaifina yana kwance ana wanke takardunsa ana sha ba, ana rataya su a wuyan dabba. Shi za a tambaya, ba ni ba, ba kai ba.” Yana faɗa idonsa na kawo ruwa. Na ba shi labarin rigar. Sai ya ce, “To, saboda girmanka, zan buɗe maka. Ka nemo takardar ƙarshe, wadda ya ce ta nuna, ka ɗauki ita kaɗai. Sauran c'est fini, magana ta ƙare.”

Ya buɗe mini daga la'asar zuwa kiran magariba. Na sami ƙunshin hanyar goro, ka ɗaure shi da jan zare. Sun fi ɗari biyu, Dalhatu. Ba ka sa wa ko ɗaya rana ba, ba ka yi wa ko ɗaya alama ba, don ka ɗauka kana nan za ka nuna mini da yatsa. Na ɗaga wannan na ce ita ce, na ɗaga ta ƙarƙashinta na ga ta fi ta a kafaɗa amma ta gaza a ƙugu. Wata rabi ce kawai, ka tsaya a tsakiyar layi. Wata ka soke ta da alƙalami, amma a gefenta akwai ɗan lanƙwasa da na sake gani a wasu goma. Idona na zubar da ruwa, ladanin masallaci ya kira salla, aka mayar da kwaɗo. Na fito ban ɗauki komai ba.

Ku saurare ni, don nan ne maganar take. Takardar ƙarshe ba ta da wata alama da za a gane ta da ita in an raba ta da 'yan'uwanta. Sai an shimfiɗa su duka a tsakar gida da hasken rana, a bi su kamar yadda makiyayi ke bin sawun saniyar da ta ɓata. Wannan ta gyara laifin waccan, ta kawo nata, ta gaba ta gyara shi. Inda laifi ya ƙare, nan Dalhatu ya tsaya. Aikin makonni ne, ba na tsakanin salla biyu ba. Mai yiwuwa ma ba takarda ɗaya ba ce, kafaɗar na jikin wata, bayan na jikin wata, shi kaɗai ya haɗa su a kansa. Waɗanda kuke kira ɓatattu su ne za su gaya mini abin da ya ƙi, in na san abin da ya ƙi sai in san abin da yake so. Ku ba ni guda ɗaya ku ƙona saura, kamar ku ba ni amsa ne ku hana ni jin tambayar.

Kuma ba rigata kaɗai ba ce. Ku je kasuwar Parakou ku ga abin da kekuna ke yi. Suna kwaikwayon rigar da aka gama, wani ya kwaikwayi nasu, wani ya kwaikwayi na wancan, kowane zubi layin na ƙara mutuwa, don ba wanda ya san dalilin da ya sa ya juya a nan bai juya a can ba. Rigar da aka gama ba ta faɗin wannan. Ta rufe bakinta, an wanke, an buge. Rigunan da muka yi ni da shi ma ina suke? Wasu sun koɗe, wasu gara ta ci, wasu an yanka an yi wa jikoki. Abin da ya rage na Dalhatu a duniya, inda za a ga hannunsa yana tunani, yana kuskure yana komawa, akwatin nan ne kaɗai. Wata rana wani zai tashi a garin nan yana son ya iya, ba kwaikwayo ba. A ina zai koya? An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Ku gaya mini inda wannan tokar za ta yi kuɗi.

Ba ni da lokacin da zan jira zuciya ta huce. Idona na hagu yanar ido ta rufe shi tun bara. Likita a nan Parakou ya duba na dama ya ce shi ma ta fara hawa, in na sami shekara ina ganin kafar allura in gode Allah. Bayan riga aikin wata biyar ne ga mai ido biyu. Duk Borgou ba sauran wanda ya san hannun Dalhatu kamar ni, ba kuma wanda zai iya ɗora alƙalami a madadinsa in ba wanda ya bi layinsa shekara arba'in ba. In an ƙona ranar Juma'a, shi ke nan. In an ce a bari sai baɗi a duba, ni ne ba zan gani ba.

Na je wurin liman, ya saurare ni da kyau, ya ce maganar na da fuska biyu, zai duba. Na koma, aka ce ya tafi ƙauye ɗaurin aure. Na yi sallama da Lubabatu tana cikin takaba, ta amsa mini daga bayan asabari ta ce, “Malam Mamuda, ni na fi kowa sanin ba asiri ba ne, ni ke share ɗakin. Amma ɗa ya girma, kuma tsoron Allah ne ya sa shi.” Awalu da ya haddasa abin, na tare shi a kasuwa na ce ya zo ya faɗi gaskiya, ya ce shi dai ya ga amfani, ba zai yi wa Allah butulci ba. Kowa ya karɓe ni da mutunci, kowa ya ba ni ruwa na sha, ba wanda ya ce mini i ko a'a. Na ce a ba ni akwatin in tafi da shi Kpébié inda ba mai nema, in na mutu a mayar wa iyali. Na ce in ana tsoron bisimillar ne, a yanke saman kowace takarda a binne, a bar zanen. Na ce a kulle ni da su a ɗaki, makulli a hannun wanda aka yarda da shi. Duk an ce za a duba. Yau saura kwana shida.

Ya Allah, ga bawanKa Dalhatu ya zo maKa. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya yi ya zama kaffara. Abin da wasu suka yi da takardunsa bisa jahilci, kada Ka ɗora masa, Kai ne shaida bai taɓa ce wa kowa shi mai asiri ba ne. Yadda ya rufa wa kuskurena asiri a duniya, Ka rufa wa nasa a lahira. Ka sada shi da Annabin rahama, sallallahu alaihi wa sallam. Ni ma Ka yafe mini makon da na ƙara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargida Lubabatu, da Abduljalil, da Ummuhani da sauran 'ya'ya da jikoki, da maƙwabta, da masaƙa da maɗinka da masu bugu na Djougou da Parakou. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya albarkaci bayansa, in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Saura magana ɗaya, da kai nake, Abduljalil, da kai liman, da dattawan da ke zaune. Ranar sadakar uku na dube ku ɗaya bayan ɗaya da idon da ya rage mini. Rigar da ke jikinka, ɗana, ta aurenka ce, ni na ɗinka, kuma gidan da ke kan ƙirjinka yana cikin akwatin nan sau goma sha ɗaya kafin ya zama yadda kake sanye da shi. Ta liman ma haka. Na ƙirga riguna tara a zauren. Ku fito da takardun ku ɗora a ƙirjinku ku gani in ƙarya nake. In abin da ke takardar haram ne, to, da shi kuke tsayuwa a sahun gaba kuna kabbara, sai ku tuɓe su a haɗa a wutar, ni zan kawo ashana. In kuwa halal ne a jikinku, ku gaya mini ayar da ta haramta shi a buhun siminti. Gobe zan shigo motar Usuman, zan shimfiɗa buzuna a ƙofar ɗakin da akwatin yake, ba kuma zan karɓi ruwa ko kalmar “za a duba” ba. Mutum ɗaya nake nema a cikinku da zai dube ni ya ba ni amsa da bakinsa kafin Juma'a. Wane ne?